Rage gudun haske da ƙera baƙin rami a ɗakin gwaji: tambayoyi da amsoshi

Duk sanda aka ga labari mai kanun "masana sun tsayar da haske" ko "an ƙera baƙin rami a ɗakin gwaji" sai tambayoyi su yi ta zuwa, wasu na mamaki wasu na tsoro. Baƙin rami dai wuri ne a sararin samaniya da ƙarfin jansa ke hana komai fita, har da haske. Labaran nan akwai gaskiya a cikinsu, an yi gwaje-gwajen kuma aiki ne mai ban sha'awa ƙwarai, amma yadda ake yanko kanun yana sa mutum ya fahimci wani abu daban da wanda aka yi. Ga tambayoyin da aka fi yi.

Wai shi haske tafiya yake yi? Ai ina kunna fitila ɗaki ke haskewa.

Tafiya yake, saurinsa ne ya fi ƙarfin ido. A sararin da babu komai cikinsa, ba iska ba ruwa, haske na cin kilomita 299,792 a daƙiƙa ɗaya, wato kafin ka ce "ɗaya" ya zagaya duniyar nan sau bakwai da rabi. Daga rana zuwa nan yana ɗaukar wajen minti 8 da daƙiƙa 20, don haka ranar da kake gani yanzu ranar minti takwas da suka wuce ce. Tun shekara dubu da suka shuɗe Ibn al-Haytham, masanin nan da ya yi aikinsa a Alƙahira, ya ce haske yana buƙatar lokaci kafin ya iso kuma yana rage sauri in ya shiga abu mai kauri. Wanda ya fara nuna hakan da awo shi ne Ole Rømer ɗan ƙasar Denmak a 1676, ta hanyar lura da wani wata mai zagaya duniyar Jupita da ake kira Io, ya ga lokacin ɓuyarsa yana jinkiri idan duniyarmu ta yi nisa da Jupita.

To ba an ce gudun haske ba ya canzawa ba? Ya kuma za a ce an rage shi?

Nan ne tushen duk ruɗanin, dan Allah a riƙe wannan don za mu dawo kansa. Abin da ba ya canzawa shi ne gudun haske a sarari fayau, wannan lambar 299,792. Amma da zarar haske ya shiga wani abu to tafiyarsa na raguwa, kuma kullum haka ke faruwa a gabanmu. A cikin ruwa wajen kilomita 225,000 yake yi a daƙiƙa, a gilashi wajen 200,000, a lu'ulu'u ya sauko har wajen 124,000. Shi ya sa in ka tsoma sanda a bokitin ruwa sai ka ga kamar ta karye a daidai saman ruwan. Hatta intanet ɗin da kake karatu da shi yanzu, wayoyin gilashin da suka biyo ta ƙarƙashin teku suka fito a Legas hasken da ke cikinsu kashi biyu cikin uku na cikakken gudunsa yake yi.

Ba gajiya hasken yake yi ba. Haske igiya ce ta lantarki da maganaɗisu, in ta shiga abu sai ta girgiza ƙwayoyin ilektiron da ke jikin atam-atam ɗin wurin, su kuma da suka girgiza sai su fitar da tasu igiyar, to haɗuwar ta asali da waɗannan sababbin ita ce ke ba da igiya guda mai tafiya a baya-baya. Yana fitowa daga gilashin ya koma gudunsa na da.

Wace ce matar da aka ce ta mayar da haske yana tafiya kamar mashin?

Lene Vestergaard Hau, ita ma 'yar Denmak ce, farfesa a jami'ar Harvard ta Amurka. A 1999 ita da abokan aikinta suka sanar cewa sun sauko da gudun haske zuwa mita 17 a daƙiƙa, wato wajen kilomita 61 a awa, ɗan acaba mai sauri zai wuce shi. An rage shi kusan sau miliyan 18 kenan, ka kwatanta da lu'ulu'u da bai kai sau biyu da rabi ba.

Yadda suka yi shi ne abin da ya fi burge ni. Sun ɗauki turirin sinadarin sodiyam suka sanyaya shi da hasken leza, sannan suka riƙe atam ɗin a tsakiyar wani tarko na maganaɗisu ba sa taɓa bangon komai, suka riƙa barin masu ɗan zafi-zafin cikinsu suna tserewa har sanyin ya kai ƙasa da kashi ɗaya cikin miliyan na digiri sama da ƙarshen sanyi, wato digiri 273.15 ƙasa da sifili, wanda babu sanyin da ya wuce shi. A irin wannan sanyin atam ɗin suna daina zaman kowa tasa ta fisshe shi, su zama kamar abu guda, yanayin da Satyendra Nath Bose ɗan Indiya da Albert Einstein suka yi hasashensa tun 1924 zuwa 1925 amma ba a iya samar da shi ba sai 1995. Gajimaren da suka samu ɗan mitsitsi ne, tsawonsa bai kai rabin milimita ba.

A ƙa'ida wannan gajimaren shanye hasken da suke harba masa yake yi, mai ruwan ɗorawa, ba ya barin ya wuce ko kaɗan. Sai suka haska shi da leza ta biyu daga gefe, wadda ke sa atam ɗin su kasa shanye hasken farko, gajimaren ya zama garai-garai amma ga launi ɗaya tak, a wata 'yar siririyar ƙofa. Dabarar nan Stephen Harris na jami'ar Stanford da ɗalibansa ne suka fara nuna ta a farkon shekarun 1990. To a cikin wannan siririyar ƙofar ne dunƙulen haske ke rarrafe. Kuma da yake gabansa ya shiga ya rage gudu bayansa kuma yana nan tafe a guje, sai dunƙulen ya takure, abin da tsawonsa ya kusa kilomita guda a waje ya koma ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na milimita, ya shige cikin gajimaren gaba ɗayansa.

Tsayar da shi cak fa? In haske ya tsaya ina yake zuwa?

A 2001 aka yi wannan, ƙungiyar Hau da kuma wata ƙungiyar ta Ronald Walsworth da Mikhail Lukin, duk a garin Kambirij na jihar Massachusetts, kusan lokaci guda. Idan dunƙulen hasken ya gama shigewa cikin gajimaren sai a kashe leza ta biyun. Shikenan hasken ya ɓace, babu abin da ke fitowa. Bayan ɗan lokaci in aka sake kunna ta sai ga shi ya fito ya ci gaba da tafiya da siffarsa yadda ya shiga.

Gaskiyar magana ba wai ƙwayoyin haske ne ke tsaye a wurin suna jira ba. Siffar hasken ce da duk bayanin da yake ɗauke da shi suka rubutu a jikin atam ɗin, leza ta biyu kuma in ta dawo sai ta karanta rubutun ta sake gina hasken. Ajiya ce aka yi. A gwajin farko ajiyar wajen kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ta yi, a 2013 kuma masana a jami'ar Darmstadt ta Jamus suka kai ta minti ɗaya cur a cikin wani dutse mai garai-garai da aka sanyaya. A minti ɗayan nan da an bar hasken da ya ci kilomita miliyan 18.

Shi baƙin ramin mene ne ainihinsa?

Wuri ne da nauyi ya taru ya cunkushe har ƙarfin jansa ya hana komai fita, har da haske. Don ka tsere wa jan duniyarmu kana buƙatar gudun kilomita 11.2 a daƙiƙa. Tun 1783 wani malamin coci a Ingila mai suna John Michell ya yi tunanin cewa za a iya samun tauraron da gudun tsere masa ya fi na haske, ka ga kenan ba za a gan shi ba. Cikakken bayanin sai bayan da Einstein ya fitar da nazariyyarsa a 1915, wadda ta ce nauyi lanƙwasa sarari da lokaci yake yi, sannan Karl Schwarzschild ya warware lissafin yana soja a fagen yaƙin duniya na ɗaya, aka buga a 1916, shekarar da ya rasu.

Lissafin nasa ya nuna kowane abu akwai girman da in aka matse shi ya kai zai zama baƙin rami. Rana sai an matse ta ta koma kilomita 3 daga tsakiya zuwa gefe. Duniyarmu da duwatsunta da tekunanta sai ta koma milimita 9. Iyakar nan da in ka ƙetare babu dawowa ita ce zuciyar maganar, ba bango ba ne, ba wani abu ne da za ka taɓa ba, layi ne kawai. Kuma suna nan da gaske, a 2015 na'urar LIGO ta ji girgizar haɗuwar guda biyu, a watan Afrilun 2019 aka fitar da hoton baƙin rami na farko, wanda ke tsakiyar tarin taurarin da ake kira M87, a 2022 kuma aka fitar da na tsakiyar namu tarin, mai nauyin rana miliyan 4.

To in haske ya koma mita 17 a daƙiƙa, tsere wa duniya kuma sai da kilomita 11, ashe hasken ba zai iya fita ba, ba mun samu baƙin rami kenan ba?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace kyau, duk wanda ya yi ta ya yi tunani sosai. Amsar ita ce a'a.

Lambar da ke cikin lissafin Einstein ba ta haske ba ce shi kaɗai, iyakar gudu ce ta sararin kansa, iyakar da wani saƙo ko wani tasiri zai iya tafiya daga nan zuwa can. Haske a sarari fayau yana kai wa wannan iyakar ne saboda ba shi da nauyi, shi ya sa aka laƙaba mata sunansa. Gajimaren Hau bai taɓa wannan iyakar ba ko kaɗan. Launi ɗaya ya riƙe, shi ma don ya cakuɗe da atam ne, amma in ka haska masa wani launin daban ko igiyar rediyo za su ratsa shi su wuce da kusan cikakken gudu. Baƙin rami na gaske kuwa ba ya zaɓe, ja da shuɗi da rediyo da dutse duk ɗaya ne a wurinsa.

Wata shaidar ma ita ce ana iya tsere wa haske a cikin abu. A ruwan da ke sanyaya injin nukiliya akwai ilektiron da ke gudu fiye da yadda haske ke yi a cikin ruwan, kuma suna fitar da wani shuɗin haske da Pavel Cherenkov ɗan Rasha ya gano a 1934. Babu wata doka da suka karya, don ba su kai lambar sarari fayau ba.

In haka ne me ake nufi da baƙin ramin ɗakin gwaji?

Kwaikwayo ne, kuma tunanin ya faro daga William Unruh na jami'ar British Columbia a Kanada a 1981. Misalin da yake bayarwa na kifi ne a kogi mai gangarawa zuwa inda ruwa ke faɗawa ƙasa. Ruwan na ƙara gudu yana ƙara gudu har ya kai inda ya fi gudun sauti a cikin ruwa. Kifin da ya wuce wannan layin ko ya yi ihu 'yan'uwansa na sama ba za su ji ba, don ruwan na jan sautin ƙasa fiye da yadda sautin ke iya hawowa. Abin da Unruh ya gano shi ne lissafin tafiyar sauti a irin wannan ruwan daidai yake da lissafin tafiyar haske a bakin baƙin rami. Wato in kana da igiya kana kuma da abin da ke ɗauke da ita wanda zai iya fin ta gudu, to ka samu iyakar da ba a dawowa, amma ga wannan igiyar kaɗai.

Da labarin Hau ya fito sai Ulf Leonhardt da Paul Piwnicki suka ce ai ga dama ta samu, tunda haske ya koma 'yan mitoci a daƙiƙa sai a juya gajimaren ya riƙa wulwulawa fiye da gudun hasken ya zuƙe shi ciki, suka buga wannan a 2000. Daga nan ne maganar "baƙin rami daga haske mai rarrafe" ta bazu a jaridu. Sai dai wasu masanan sun yi musu gyara, Matt Visser ya nuna wulwulawa kaɗai ba ta isa ba sai abin yana kwarara zuwa tsakiya, a 2003 kuma Unruh da Ralf Schützhold suka nuna cewa irin ragewar da ake samu a gajimaren ba ita ce za ta ba da abin da ake nema ba. Leonhardt ya canza hanya, a 2008 shi da abokan aikinsa a jami'ar St Andrews ta Sikotlan suka yi amfani da wayar gilashi. Suna harba dunƙulen leza mai ƙarfi wanda ke ɗan canza halin gilashin a duk inda yake, sai wani hasken da ya biyo shi a baya da ɗan sauri ya iso ya rage gudu ya kasa shiga, launinsa ya karkata zuwa shuɗi kamar yadda lissafi ya ce.

Me ya sa ake shan duk wannan wahalar a kan kwaikwayo?

Saboda Stephen Hawking. A 1974 ya yi lissafi ya ce baƙin rami ba baƙi ƙirin ba ne, yana fitar da wani ɗan ɗumi daga bakin iyakarsa, a hankali a hankali har ya ƙare. A duniyar ƙananan abubuwa sarari fayau ba ya zama shiru, kullum akwai 'yar motsi, a bakin iyakar sai wannan motsin ya rabu biyu, ɗaya ya faɗa ciki ɗaya ya tsere. Matsalar ita ce ba yadda za a auna shi a sama. Baƙin rami mai nauyin rana ɗuminsa wajen kashi 60 cikin biliyan na digiri ne sama da ƙarshen sanyi, alhali sararin samaniya kansa yana da ɗumin digiri 2.7 da ya rage tun farkon halitta, ya binne wancan gaba ɗaya.

Wanda ya fi kowa naci a kan wannan shi ne Jeff Steinhauer na jami'ar Technion a Haifa. Ya yi amfani da irin gajimaren Bose da Einstein na atam ɗin rubidiyam, inda sauti ke tafiyar wajen rabin milimita a daƙiƙa, ya sa leza ta tura atam ɗin su kwarara fiye da haka a ɓangare ɗaya. Ya maimaita gwajin sau dubbai yana ɗaukar hoto, a 2016 ya ba da rahoton ganin ƙwayoyin sauti bibbiyu, ɗaya a waje ɗaya a ciki suna da alaƙa da juna, a 2019 kuma shi da ɗalibansa suka auna ɗumin suka ga ya dace da hasashen Hawking. A Nottingham ta Ingila ma Silke Weinfurtner da mutanenta suna yin nasu da ƙaton baho na ruwa mai zurarewa ta rami a tsakiya, a 2017 suka ga igiyar ruwa ta fito daga wulwulawar da ƙarfin da ya fi wanda ta shiga da shi, abin da aka daɗe ana hasashen baƙin rami mai juyawa yana yi.

Kenan an tabbatar da maganar Hawking?

A ganina ba a kai nan ba, kuma bai kamata a ce an kai ba. Abin da aka nuna shi ne lissafin nasa yana aiki a duk inda aka samu igiya da iyaka, ko da abin da ke ƙasa atam ne ko ruwa, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne don akwai wani rauni a lissafin na asali da ya daɗe yana damun masana, gwaje-gwajen nan sun nuna sakamakon bai dogara da wurin raunin ba. Amma gajimaren rubidiyam ba sararin samaniya ba ne. Ko a tsakanin masu aikin akwai jayayya, Leonhardt da kansa ya rubuta yana tuhumar wani ɓangare na sakamakon 2016. Hawking ya rasu a watan Maris na 2018 ba a ga ɗumin nasa daga baƙin rami na gaske ba, har yau kuma ba a gani ba.

Za a iya ƙera na gaske ɗin? Na ji an ce injin nan na Siwizalan zai haɗiye duniya.

Injin cibiyar bincike ta CERN kenan da ke kusa da Janiba, wanda ke sa ƙananan ƙwayoyi su yi karo da juna a guje, zobe mai tsawon kilomita 27 a ƙarƙashin ƙasa. Kafin a kunna shi a 2008 har ƙara aka kai kotu a Hawaii don a hana, kotu ta kori ƙarar. A bisa fiziks ɗin da aka tabbatar, ƙarfin da ake buƙata don karon ƙwayoyi biyu ya haifi baƙin rami ya ninka na injin sau wajen miliyan biliyan. Akwai wasu nazariyyoyi da suka ce in sarari na da wasu ɓoyayyun fuskoki to abin zai yi sauƙi, an duba shekara da shekaru ba a ga ko ɗaya ba. Hujjar da ta fi kwantar da hankali kuma ita ce ƙwayoyin da ke zuwa daga samaniya suna dukan duniya da wata da ƙarfin da ya fi na injin tun shekaru biliyoyi, ga su nan lafiya lau.

Akwai kuma tsohon tunanin tara haske zalla a wuri guda har ƙarfinsa ya lanƙwasa sarari ya rufe kansa, wanda ake dangantawa da John Wheeler tun shekarun 1950. A 2024 masana daga jami'ar Waterloo ta Kanada da ta Complutense a Madrid suka yi lissafi suka ce ba zai yiwu ba, tun kafin a kai wurin hasken zai fara rikiɗa yana zama ilektiron da kishiyarsa su watse da ƙarfin.

Na kwaikwayon ba shi da haɗari?

Babu ko kaɗan. Ba shi da ƙarfin jan komai, sauti ko launi ɗaya kawai yake tarewa, in aka ɗauke wuta gajimaren watsewa yake yi.

Rage gudun hasken yana da wani amfani ban da wannan?

Yana da shi, ni a wurina ma nan ne amfaninsa na kusa yake. Saƙon da ake turawa da ƙwayar haske ɗaya-ɗaya don kada a saci sirrinsa, ba a iya kwafarsa a ƙara masa ƙarfi a hanya yadda ake yi wa saƙon intanet na yau, kuma gilashi na shanye shi in tafiya ta yi nisa. Dole sai an samu tashoshi a hanya da za su riƙe hasken na ɗan lokaci ba tare da sun lalata abin da ya ɗauko ba, sannan su sake shi. Ajiyar nan da aka fara a 2001 ita ce ake ginawa a kai.

Akwai abin da zan iya gani da idona a gida?

Akwai. Ɗauki faranti mai shimfiɗaɗɗen ciki ko tire, ka tsiyaya ruwa daga buta a tsakiyarsa a hankali ba yankewa. Za ka ga inda ruwan ke sauka ya baje siriri sumul yana gudu zuwa gefe, sai can ya yi wani zobe inda ya yi tsalle ya ƙara kauri. A cikin zoben ruwan ya fi 'yan igiyoyin samansa gudu, don haka duk wata igiya da ta taso daga waje ba ta iya shiga ciki. Wannan kishiyar baƙin rami ne, wanda ake kira farin rami, inda ake fita amma ba a shiga. Masana a garin Nis na Faransa sun auna shi da mai a 2011 suka tabbatar haka ne. In kana so ka gwada irin nasu, tsoma bakin allura a cikin zoben za ka ga layi biyu sun buɗe a bayanta kamar bakin almakashi, ka matsa da ita zuwa gefe kana lura da yadda bakin ke ƙara buɗewa har ka iso zoben.